Damunar da Ta Ƙetare Teku

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tare da tabarma ba, ya ɗaga sama ba tare da ginshiƙi ba, ya zuba teku a mazauninsa sannan ya hana shi zama. Ya ku masu saurare, ku gyara zama, ni da ban taɓa iya gyara nawa ba zan ba ku labarin shekarun da damunarmu ta ɓata, da yadda na bi sawunta har bangon duniya.

Sunana Cindo ɗan Arzika, mutumin Tsamiyar Gaɓa, wani gari da ke kwance a bakin babban tekun gabas. Kakanninmu manoma ne da suka gangaro daga tudu. Da suka iske ruwa iya ganin ido sai suka ɗanɗana, suka ji gishiri, suka tofar, suka ce ruwan da ba ya raya gero ba ruwa ba ne. Tun daga ranar kowane gida a garinmu ƙofarsa yamma take kallo, bayansa ga teku. Ba ma kamun kifi, ba ma sassaƙa jirgi. In muna son labarin damuna sai mu ɗaga kai mu nemi shamuwa da hadari, kuma ranar da ruwan farko ya taɓa ƙasa Sarkin Noma zai busa ƙaho, kowa ya fita da sungumi a ranar, ba jira, ba shawara.

Ni kuwa tun tasowata ƙafata ba ta san gida ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, ni ma ban musa masa ba. Na bi fatake, na bi maharba, na bi masu haƙar rijiya, in na dawo sai in zauna gindin tsamiya in yi ta zuba labari, kowanne da rantsuwarsa. Rabi na gani da idona, rabi kuwa na ƙara masa gishiri, har ya zama in na ce rana ta fito sai mutum ya leƙa waje tukuna.

Sai fari ya zo. Shekara uku a jere muna shuka, tana tsirowa, tana ƙonewa. Hatsi ya ƙare, aka koma dusa da ganyen tafasa, har ya zama duk garin ba sauran ƙwayar iri sai abin da ke cikin rumbun tsimi. Wannan rumbu yayata Tasalla ce ke riƙe da shi, gadon uwarmu, kuma ba a buɗe shi sai da bakinta. Shuka ɗaya tak ta rage a ciki. In ta kama, gari ya rayu, in kuwa ta ƙone, Tsamiyar Gaɓa ta zama kufai.

Ana cikin haka wani jirgin fatake ya tsaya a bayan garinmu neman ruwan sha. Mai jirgin, wani ƙaƙƙarfan dattijo mai suna Baidu, ya ji kukanmu a kasuwa, ya girgiza kai.

“Da can in na iso gaɓarku tekun ɗumi gare shi, kamar ruwan wankan jariri,” in ji shi. “Yau na sa ƙafa na ji sanyi har ƙashi. Ku daina wahalar da wuyanku da kallon sama. A nan ƙasa damunarku ta ɓata.”

Sarkin Noma Ranau ya yi dariya, ya ce wanda ya tsufa a kan ruwan gishiri me ya sani game da gero. Mutane suka taya shi. Ni dai maganar ta shige ni ta hana ni sakat, ƙafafuna suka fara ƙaiƙayin da na san su da shi. Na je na sami Tasalla tana tankaɗen dusa, na ce zan bi Baidu in gano inda ɗumin tekun ya tafi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ta ji dalilan tafiyata sun fi ɗari, wannan ne na farko da ke da ɗan amfani, amma in shamuwa ta riga ni dawowa to in riƙe labarina.

Muka tashi mu goma sha huɗu. Iskar gabas, wadda Baidu ya ce ta saba hurawa shekara da shekaru ba hutawa, ta mutu murus. Zanen jirgi ya rataye ba motsi, amma abin mamaki jirgin yana tafiya gabas shi kaɗai. Da na tambaya, Baidu ya ce teku ba tafki ba ne, cike yake da koguna marasa gaɓa, kowanne da hanyarsa. Iska ce ke kora ruwan sama-sama zuwa yamma, in ta kwanta sai ruwan ya juyo ya koma inda aka koro shi. Kan bayan wannan ruwa mai komawa muke, kuma inda za shi nan za mu.

A wata na biyu muka faɗa tsakanin wasu baƙaƙen tsibirai biyu, wurin da matuƙa ke kira Maƙogwaro. Ruwan ya matse a nan yana gudu, a ƙarshensa kuwa duwatsu ne tsaitsaye masu kaifi, da katakan jiragen da suka riga mu maƙale a tsakaninsu. Da akwai iska da mun kauce. Muka kama tuƙi baya har tafin hannu ya saɓule, jirgi bai fasa matsawa ba. Aka jefa anga, ba ta sami ƙasa ba. Wasu suka saki filafili suka kama salati.

Ni tsoro ba ya sa ni salati kawai, hannuna ma sai ya nemi abin yi. Na ɗauki guga da doguwar igiya, na jefa dutse a ciki, na zura don in ga zurfin kabarin da za mu shiga, halin tsohon mai haƙar rijiya. Igiya ta nutse tsawon gaba ashirin, ta yi talatin, sai na ji an fizge ta baya, can wajen da muka fito. Na yi ihu na ce na kama kifi. Baidu ya zo ya riƙe igiyar, yana jin ta a yatsunsa.

“Wannan ba kifi ba ne, Cindo. Wani kogin ne a ƙarƙashin wannan, kuma baya yake tafiya.”

Nan take muka zazzage manyan kwandunan dabino, muka cika su da duwatsun da ke danne cikin jirgi, muka naɗe su da fatu, muka ɗaure da duk igiyar da muke da ita, muka zura. Jirgi ya rage gudu. Ya tsaya yana makyarkyata, duwatsun nan saura jifa ɗaya. Sannan a hankali ya fara ja da baya, ruwan da muke gani da ido yana wucewa ta gefenmu yana kumfa, wanda ba ma gani yana jan mu zuwa tsira. Da muka fita muka kewaye tsibiran, Baidu ya gaya mini abin da ya ji daga kakansa: can ƙarshen duniya akwai inda sanyi ke daskarar da teku ya zama dutse, ya bar gishirinsa a sauran ruwan, sai wannan ruwa ya yi nauyi ya nutse, ya yi ta rarrafe ta ƙasa zamani bayan zamani. Na ce wa matuƙan ai ni na daɗe da sanin haka. Gaskiyar magana wasa nake da guga, Allah ya rufa asiri.

Ƙarshen wata na uku, kafin mu ga ƙasa, muka ga hadari. Baƙi ƙirin, ya tokare sama, irin wanda rabona da shi shekara uku. Na tsaya a goshin jirgi ina kuka ba kunya, don na gane shi, namu ne.

Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ce Gaɓar Masunta. Mutanen wurin tun kakannin kakanninsu ba su san ruwan sama ba, sai raɓar safe. Da tubalin gishiri suke gini, su rufa da tabarma, abincinsu kuwa wasu ƙananan kifaye ne masu son ruwan sanyi, waɗanda da can saboda yawa da ƙwarya ake kamfatarsu. Yanzu shekara uku ana tafka musu ruwa. Gidaje sun narke, kifi ya gudu, tsuntsayen teku sun mutu sun cika gaɓa, zazzaɓi yana ɗaukar mutane. Yunwarsu da tamu uwa ɗaya uba ɗaya.

Mai hankali da ya ga haka zai kama bakinsa. Ni kuwa ina shiga kasuwa na buɗe murya na ce ashe nan damunarmu ta zo ta ɓuya. Wani ƙato ya ce ashe taku ce, to madalla, mai kaya ya zo. Kafin Baidu ya buɗe baki sun yi ram da ni, suka kai ni gaɓa lokacin da ruwa ya janye, suka ɗaure ni a jikin turken jirgi. Suka ce ko in kwashe kayana, ko teku ya kwashe ni.

Ruwa ya dawo ya kai mini gwiwa, ya kai cinya. Sai ga wata tsohuwa ta ratso taron tana dogara sanda. Sunanta Dudu, ita ce Magajiyar Ruwa ta garin, mai faɗa musu lokacin fita kamun kifi da lokacin zama. Ta shigo cikin ruwan har kusa da ni, ta ɗora wata 'yar tasar tagulla a kansa, da ɗan man kwakwa a ciki, ta zuba mata ido. Na leƙa na ga man ya fara yin fari a gefe-gefe.

“Ka gani, ɗan nan?” ta ce a hankali. “A ruwan ɗumi narkewa yake, a na sanyi ya daskare. Shekara uku bai yi fari ba, sai kwana tara da suka wuce. Sanyi yana tasowa daga ƙasa, iska na gab da farkawa. Ban gaya musu ba don kada in sa musu rai a banza.”

“To Iya, ki gaya musu yanzu mana, ruwa ya kai mini cibiya.”

“Kai za ka faɗa. Ka ce cikin kwana bakwai za ka tafi da kayanka. Na ga alama ƙarya ba ta yi maka wuya.”

Ban taɓa yin rantsuwa da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Suka kwance ni suka ba tsohuwar ajiyata. A kwanakin nan ne ta nuna mini abin da na ƙetare teku nema. Ta cika faffaɗar ƙwarya da ruwan sanyi, ta tsiyaya ruwan ɗumi da ta rina da baba a kai, shuɗin ya kwanta a sama. Ta zaunar da ni a ɗaya gefen, ta sunkuya tana hurawa daga nata. Shuɗin ya tattaru wajena, farin ruwa mai sanyi ya taso wajenta. Ta ce inda ɗumi ya taru nan tururi ke tashi, nan hadari ke haɗuwa, su sanyi ke ciyar da su, mu kuwa ɗumi. Ta daina hurawa, shuɗin ya malalo ya koma wajenta, ta ce shekarun nan uku ke nan.

Rana ta shida iska ta tashi daga tudu ta nufi teku. Man ya daskare sarai, hadari ya fara ja da baya, wani masunci ya shigo gari a guje da kifi cike da hularsa. Waɗanda suka ɗaure ni su suka ɗauke ni a kafaɗa har jirgi, ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu kamar da gaske ni na yi. Dudu ta ba ni tasar da ɗan tandun mai, ta riƙe hannuna ta yi mini kashedi. Ta ce iska ɗan aike ce, ruwan ɗumi shi ne mai gida, kuma ɗan aike yakan riga mai gida isa da nisa. Zai iya tsinto wani guntun hadari ya yayyafa mana, amma muddin tekunmu da sanyi, wannan ruwa ba na shuka ba ne.

Komawa gudu muka yi, zane cike da iska. Bayan kwana talatin muka tarar da goshin ruwan ɗumin yana tafiya yamma, iyakarsa a fili, nan shuɗi can kore, hadari jere a kansa. Muka wuce shi. Na jefa guntun katako na ga yadda yake tafiya, na gwada da gudun jirginmu, na ga mun ninka shi huɗu. Daga nan zuwa gida kwana tara muka yi, sai na ƙiyasta damuna tana bayanmu da abin da bai kai kwana talatin ba. Duk tsawon hanyar ban zauna ba, daga goshin jirgi zuwa bayansa nake kai da kawowa, har Baidu ya ce zai ɗaure ni a turke shi ma.

Tun daga nesa na hango shamuwa a kan tsamiya, ta riga ni isowa. Ina taka gaɓa na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan na ji ƙaho. Jiya aka yi ruwan farko. Na tsoma tasar a teku don in tabbatar, man ya yi fari fat, na kwasa a guje ban ko sa takalmi ba.

Na iske gari duka a bakin rumbu, kowa da ƙwarya da sungumi. Tasalla tana sama a bakin rumbun tana miƙo iri, kashi ɗaya cikin uku ya riga ya fita. Na kutsa ina ihu a dakata. Na ba su labarin kogin da ke ƙarƙashin kogi, da ƙwaryar Dudu, da goshin ruwan da muka baro a hanya, na ɗaga musu tasar. Ban taɓa faɗar gaskiya tsantsa irin wannan ba, kuma ba a taɓa yi mini dariya irin ta ranar ba. Ranau ya ce ga ƙasa a jiƙe, ga shamuwa a sama, ga al'adar kakanni, sai a bar duk wannan saboda mai ya daskare a tasar Cindo?

Tasalla ta dube ni daga sama, ta rame har na ji tsoro.

“Cindo, in na rufe rumbun nan damuna ta wuce mu, na kashe gari. Ka tabbata?”

Rantsuwa ta zo mini har leɓe, don a nan take kwana. Sai na tuna iska tana iya sake kwantawa, ruwan ya juya kamar yadda ya juya a ƙwarya.

“Ban tabbata ba, Yaya. Abin da na gani ke nan, amma ban tabbata ba.”

Sai Tasalla ta jawo murfin rumbun ta rufe, ta sauko, ta ce wanda ya riga ya karɓa ya yi yadda ya ga dama da nasa, saura kuwa sai ta ce.

Na sha wuya a Maƙogwaro, na sha a turken masunta, amma duk ba su kama ƙafar kwanakin da suka biyo baya ba. Tasalla ta ce tunda ni na jawo, ni zan yi gadi, sai na zauna a gindin rumbu, ni Cindo, wuri ɗaya. Da sassafe kawai nake zuwa gaɓa da tasa in dawo. Waɗanda suka shuka, gonakinsu suka yi kore shar, suna wucewa ta gabana suna tambayata lafiyar mai. Kwana goma sha biyu ba ɗigo, koren ya fara lanƙwasa. Kwana ashirin ya zama kara, masu dariya suka daina, amma ba wanda ya gode mini, don mai yunwa ba ya godiya.

Kwana talatin ɗin da na ƙiyasta suka cika, man yana nan fari. Talatin da biyar. Unguwa biyu suka ɗaure kaya suka yi yamma, cikinsu har da ɗan Tasalla na fari da iyalinsa, ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Sauran suka fara cewa a fasa rumbu a ci irin a sami ƙarfin tafiya. Baidu ya gama gyaran jirginsa ya aiko a gaya mini akwai wurina in ina so. Wallahi ina so. Na miƙe har sau biyu, amma in na dubi Tasalla zaune a ƙofar ɗakinta ta zuba wa rumbun ido sai in koma in zauna. Jirgin ya tashi ina jin waƙar matuƙansa daga inda nake.

Safiya ta arba'in da ɗaya na sa ƙafa a teku, ban ji ya cije ni ba. Na ɗora tasar a kan ruwa. Man ya yi ta lilo a ciki, garau, ya ƙi yin fari. Na jira, na sake, na sake. Ban yi ihu ba, ban kira kowa ba, na kai wa Ranau tasar har gida na ce ya zo ya sa ƙafarsa da kansa. Dattijon da bai taɓa taka gaɓa ba ya naɗe wandonsa ya shiga, ya daɗe tsaye a ciki, ya fito ya ce a ƙara wa rumbu kwana bakwai.

Kwana huɗu aka yi. Hadari ya taso daga gabas tun hantsi, ya zuba har la'asar, washegari ya ƙara, jibi ya ƙara. Tasalla ta sa aka haƙa rami a gona, aka ga laima ta wuce kamu guda, sannan ta hau ta buɗe rumbu. Ta raba wa kowa, har waɗanda nasu ya ƙone, ko da yake rabon bai kai yadda aka so ba.

A gonarta ni na riƙe sungumi, tunda ɗanta ba ya nan. Ina sara tana bina a baya tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana tsayawa tana haki. Mun kai tsakiyar gona na kasa haƙuri.

“Yaya, me ya sa kika rufe rumbun ran nan? Ko rantsuwa ban yi miki ba.”

“Shekara arba'in ina jin labaranka, kowanne ka tabbata,” ta ce. “Ran nan kaɗai ka ce ba ka tabbata ba. Na ce to, yau Cindo ya ga wani abu.”

Na tsaya da sungumi a hannu. Ta share ido da gefen zane, ta dubi hanyar yamma inda ɗanta ya bi, sannan ta dubi ƙasa.

“Ci gaba da sara,” ta ce. “Layinka ya karkace, kuma irin ba shi da yawa.”

Nan hikayata ta sauke kaya. Abin da ke cikinta na gaskiya Allah ya amfane mu da shi, abin da harshena ya ƙara kuwa ku yafe mini, wannan karon bai da yawa.